Katin Kwana Uku da Sabon Idon Kakata

Har yau in baƙo ya sauka London ya tambaye ni, "Wai katin nan na yawon ganin gari, a saya ko a bari?" sai ni ma in jefa masa tawa: mutum nawa ne suka san ka zo? In ya ce ba kowa, in ce saya. In ya ce ai mutum biyu kawai ya ɗan gaya wa, in ce riƙe kuɗinka Alhaji, mutum biyun Bahaushe gari guda ne. Ba a littafi na karanta wannan ba, ni da littafi dama gaisuwar nesa muke yi. Kakata ce ta koya min, kuma saura ƙiris karatun ya mayar da ni Kano.

A London aka haife ni, lokacin Baba yana karatu a Bloomsbury, aka tafi da ni gida ina goye. Da na gama sakandare da ƙyar da jiɓin goshi, Baba ya ce tunda ina da jan fasfo na Ingila a turo ni wurin Yayana in shiga kwaleji. Farkon shekarun casa'in ke nan. Yaya yana aikin asibiti, yana zaune da matarsa a flat ɗin council, gidan hayar hukuma, a Edmonton, hawa na tara.

Kwalejin na yi mata shekara ɗaya, muka rabu ba faɗa. Shekara ta biyu kullum da safe in rataya jaka, in ce sai na dawo, in zarce kasuwar Edmonton wurin wani dattijon Baturke mai kayan miya da 'ya'yan itace. In sauke kwalaye, in jera tumatir, in yi ta kiran ciniki har murya ta dushe. Abin da ke cikin jakar rigar aiki ce. Yaya yana jin ƙanshin ƙarya, bai dai kama tukunyar ba.

Ana nan sai aka kawo Hajiya, mahaifiyar Baba, a cire mata yanar ido. Hajiya 'yar kasuwa ce ta cikin gida, gwal da atamfa take sayar wa matan unguwa. Ba ta taɓa sayen abu ba ta ɗora shi a tafin hannu ta ji nauyinsa ba. Tun ina rarrafe take kirana mijinta, ni kuma amarya nake ce mata, wasan jika da kaka dai. Duk gidanmu ni kaɗai nake gaya mata magana in kwana lafiya.

Ta zo da kaset daga Baba, don lokacin kafin ka samu layin Kano a waya ka tsufa. Yaya ya sa shi a rediyon kicin yana zaton na fita, ni kuwa ina bakin ƙofa ina ɗaura takalmi. Sai ga muryar Baba:

"Na ji ƙishin-ƙishin yaron nan yawo yake yi. Na bar wa Hajiya maganarsa. In ta ga ba shi da amana ta taho min da shi. Ta ma yanki tikitinsa da kuɗinta, jirgi ɗaya da ita, ta ce kada a zo ana neman kujera."

Na sa takalmin hagu a dama. Wato matar da take ce min miji tana yawo da takardar korata a jaka.

Aikin ido ya yi kyau. Ran da aka cire mata bandeji ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ashe haka kake da muni, aka cuce ni shekara da shekaru?"

"Ke ma da madubi za ki fara, amarya, kafin ki zo kaina."

Saura mako guda ta koma. Ta ce tunda an wanke mata ido da kuɗi mai yawa, ba za ta koma ba ta kalli komai da shi ba sai bangon council. Abu biyu take so: ta ga cikin gidan sarauniya, ta kuma ga gwala-gwalan da aka ce ana ajiyewa a tsohuwar ganuwar bakin kogi, don ita ba ta yarda na gaske ba ne. Yaya ba shi da hutu, matarsa ga tsohon ciki. Lokacin bazara ne, makarantu a rufe, ni ne ɗalibi mai hutu. Hajiya ta kwance lalita ta miƙo min kuɗi a gaban Yaya, ta ce, "Tsara mana." Na san ba yawo aka ba ni ba, jarrabawa ce.

Na ce zan nuna musu ni ɗan gari ne. A wata babbar tasha akwai tagar da ake sayar wa baƙi wani kati: ka biya sau ɗaya, ka yi kwana uku kana shiga wurare iri-iri ba ka ƙara ciro ko sisi. In mutum yana da ƙafa, wallahi akwai riba. Na sayo biyu. Gidan sarauniya kuwa ba ya cikin katin, kuma layinsa ya fi na gidan mai ran da babu mai. Sai na ari katin bankin Yaya na yi booking ta waya, wato na kama mana wuri, aka aiko mana da takardu biyu, an buga a jiki: Lahadi, ƙarfe biyu.

Na zube mata su a cinya ina jiran a yaba. Ta ɗauki katin, ta lanƙwasa, ta sansana, ta ɗaga shi saitin taga da sabon idonta.

"Ina kuɗina?"

"Ga su nan a hannunki."

"Wannan kwalin? Ko ƙunshin allura ya fi shi kauri."

Na yi mata bayani tiryan-tiryan. Ta ce, "Tsaya. Ka biya kuɗin jibi yau?"

"Har na gata."

"Kai ka ga jibin? Wa ya nuna maka? Yaro, ba a cinikin biri a sama. Ni ko 'yar kunne ba na karɓar kuɗinta sai mace ta saka ta ga ta zauna."

"Hajiya, nan London ce, komai sai da booking. In ba ki yi ba sai ki wuni a layi gwiwarki ta kumbura."

Ta ɗauki takardar gidan sarauniya. "Wannan fa, ƙarfe biyu. In na je biyu da rabi?"

"Kin yi asara."

"Wace irin matar gida ce wannan? Ita tana ciki?"

"Ba ta nan, hutu take tafiya a irin wannan lokacin. Shi ya sa ma ake buɗewa."

Hajiya ta juya wurin Yaya. "Ka ji ko? Kuɗi na biya in je gidan da matar gida ba ta nan."

Don in gyara zance na ce ai har sauƙi na samo mata, nawa katin farashin ɗalibi ne. Na zaro katin kwalejina na wulƙa mata shi, babban yatsana a kan kusurwar ƙasa, kamar yadda na wulƙa wa mai tagar. A kusurwar ne aka rubuta ran da zai daina aiki. Ta kalli katin, ta kalle ni. Ni da nake ganin na iya.

Ga kuskurena, kuma har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina. Shi katin nan ba ya fara lissafi sai ran da ka fara shiga wuri da shi. Daga nan kwana uku a jere, ko ka fita ko kana kwance. Ni da wayona na zaɓi Juma'a, Asabar, Lahadi. Na manta su ne kwanakin da duk wani Bahaushen London yake samun sararin fita, na kuma manta labari ya riga ya zaga cewa an yi wa tsohuwa aiki an dace.

Juma'a da safe na kai ta gidan da ake ajiye ƙasusuwan dabbobin zamanin da. Matar bakin ƙofa ta rubuta kwanan wata a katunanmu. Na ce, "Amarya, agogo ya fara bugawa fa." Ta ce in bari ya buga. Muka shiga, ta tsaya gaban wani ƙashi mai tsawon tirela, ta kama haɓa.

"Ƙashi ka kawo ni in gani? Abin da mahauta suke zubarwa kyauta?"

"Wannan ya fi kakan kakanki tsufa."

"Siminti ne. Dubi inda suka ɗaure shi da waya."

Ba mu yi awa guda ba ta ce mu koma, Yaya ya ce abokansa za su biyo shi daga masallaci su duba ta. Na ce su jira mana. Ta dube ni kamar na zagi wani. "Maza su taso takanas su tarar ba na nan? Ka ga na yi kama da sarauniyarku?"

Suka zo su bakwai, suka cika falo da babbar riga da turare. Ana tashin wasu, wasu na buga ƙararrawa. Likitoci, ɗalibai, wani tsoho mai koyar da Hausa a Bloomsbury da ya san Baba tun ba a haife ni ba. Kowa sai ya ji labarin idon daga farko, kowa sai Hajiya ta gano ɗan wane gida ne a Kano, ko Zariya, ko Katsina. Ni ne mai dafa shayi. Juma'a ta tafi a kan ƙashi ɗaya.

Asabar na tashe ta da wuri na ce mu sulale kafin kowa ya zo, mu hau jirgin ruwa, mu je ganuwar gwal. Ta ce sai ta yi wanka, ta karya, ta ɗiga maganin ido, ta jira ya shiga. Sha ɗaya daidai ƙararrawa ta yi ƙara. Mata ne, da kuloli da yara. Yaran nan na London, ka ce musu "Ku gaida Hajiya," su ji sarai, su ce hello. Ina tsaye a ƙofar kicin ina nuna mata agogon hannuna, sai ta ce wa matan, "Ku rabu da shi, kishi yake yi. Miji ne marar cefane, sai sa ido." Aka yi ta dariya, ni ma na yi ta dole.

Ba wai ba ta son fitar ba ne, ka gane. Ita a wurinta wanda ya taka ƙafa ya zo dubiya ba a ce masa ana da wani wuri. Kalmar ma ba ta da ita a baki.

Lahadi na ce yau ko ana ha-maza-ha-mata sai mun fita. Sha biyu ta shirya tsaf, leshi mai ruwan ƙasa, sarƙa da awarwaro, ta ce kada barorin gidan su raina ta. Na lissafa bas da tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na ga za mu isa da sauran lokaci. Ina riƙe da jakarta, hannuna a kan ƙofa, aka buga ƙararrawa.

Wata Hajiya ce daga Plumstead, 'yar aminiyar kakata da ta rasu shekarun baya. Bas uku ta hau, ta tsallako kogi, rungume da kular waina da miyar taushe. Tana ganin tsohuwa ta ajiye kular ta durƙusa ta fashe da kuka. "Inna, kamar in ga mahaifiyata."

Na ga hannun kakata ya tafi kan mayafi za ta cire. Na yi maza na ce, "Anti sannu da zuwa, ai kuwa kin ci sa'a, yanzu za mu—"

Kallo ɗaya ta yi min da sabon idon. Da tsohon ne ma da sauƙi.

Baƙuwar ta lura. "Au, fita za ku yi? Don Allah ku je Inna, sai in jira ku."

"Fitar ina? Wanka kawai na yi. Zauna 'yar nan. Kai kuma kawo faranti."

Ƙarfe biyu ta buga muna cin waina, ana lissafa waɗanda suka mutu a unguwa. Wainar ta yi daɗi, ba zan yi mata ƙarya ba. Ita ce waina mafi tsada da na taɓa ci.

Bayan la'asar na raka baƙuwa tashar bas. Ina dawowa Hajiya ta ce, "To miji, baƙi sun ƙare. Gobe sai mu je gidan matar, mu wuce wurin gwal."

Na ce, "Takardar gidan ta mutu tun ƙarfe biyu. Katin ma yau yake cikawa."

Ta ajiye carbi. "Ya mutu."

"Ya mutu."

"Madara ce da za ta yi tsami? Kwalin da yake cikin jakata, ko ruwa bai taɓa shi ba? Kwana uku ka ce. Na ci ɗaya, ai ko rabin ɗaya ban ci ba. Ina biyun?"

"Sun wuce muna shan shayi."

"Ja'iri, kalle ni nan. Ko dai ka sayar wa wani kwanakin, ko kuma tun farko na kwana ɗaya ka sayo ka soke sauran a aljihu. Na yi shekara arba'in ina aiken dillalai, ba irin labarin da ban ji ba."

Yaya ya sa baki ya ce gaskiya haka tsarin yake. Ta ce, "Kai yi min shiru, Turanci ɗaya kuke ji." Ta jawo jakarta wai tana neman maganin ido, ta ciro doguwar ambulan ta kamfanin jirgi, ta ɗora a hannun kujera, ta nemi maganin a natse, sannan ta mayar. Ba ta kalle ni ba. Ba ta buƙata. "Gobe zan je da ƙafata," in ji ta. "Gani ya kori ji."

Litinin muka fita, ba mai zuwa dubiya ran Litinin. Ba ta yi min wasa a hanya ba, ni ma na kama bakina. Na dai lura tana kallon yadda nake tafiya da ita: ba na duba taswira, na san taragon da in mun shiga zai sauke mu daidai bakin matakala, na san tashar da za mu canja ba sai ta hau bene ba saboda gwiwa.

Muka isa ganuwar, ga layi ya yi kwana. Ta ce ba ni zan yi mata tafinta ba, ɓarawo ba ya zama alƙalin kansa. Na ce to wa za ki samu a nan? Sai ta fara abin da ya sa na so ƙasa ta tsage. Duk baƙin mutumin da ta gani da rigar aiki sai ta matsa ta ce, "Sannu da aiki." Na farko ya yi murmushi ya wuce. Ta biyu ta nuna mata hanyar banɗaki. Na uku, wani dogon mutum mai tsara layi, ya juyo da sauri.

"Sannu kadai Mma! Daga ina?"

Ɗan zangon Kumasi ne, Hausarsu ta Gana, mace da namiji duk "ka" ne. Hajiya ta kama hannun rigarsa kamar ta ga ɗanta. Suka gaisa har iyaye da kakanni. Sannan ta ciro katunan da takardun ta danƙa masa.

"Ɗan nan, don girman Allah karanta min. Kada ka kalli wancan."

Ya juya kati gaba da baya. "Mma, kati nan gaskiya ne. Na kwana uku ne. Ka fara Juma'a, ga shi an rubuta. Ya ƙare jiya."

"Ko ban shiga ko'ina ba?"

"Ko ka kwana a gado. Haka yake."

"Takardar fa?"

"Jiya ƙarfe biyu. Ya wuce." Ya nuna mata inda aka buga farashi, ya faɗa mata, ya zo daidai da abin da na gaya mata. "Yaro bai ci kuɗinka ba, Mma."

Kai, ranar na ji iskar London ta yi daɗi. Na gyara kwalar riga na ce, "Amarya, a ba ni haƙuri a gaban shaida. Ba sai kin durƙusa ba, saboda gwiwa."

Ta ce, "Na ba ka. Ba ka ci kuɗina ba." "Ɗauko na makarantar."

"Wanne?"

"Wanda aka yi maka ragi da shi. Tunda sabon tikiti za mu saya, a sake yi mana ragin."

Na zaro shi a hankali, na miƙa wa mutumin ina riƙe da gefe.

"Ɗage yatsanka," in ji Hajiya. "Ran nan ma a nan ka ɗora shi. Mai sayar da atamfa in ya dafe wuri ɗaya, a nan ɓera ya ci."

Na ɗage. Mutumin ya karanta, ya dube ni, ya dubi tsohuwa. Ya so ya taimake ni, na gani a fuskarsa, amma an haɗa shi da girman Allah.

"Wannan ya mutu tun bara, Mma." Ya miƙo min yana cewa ƙasa-ƙasa, "Ɗan'uwa ka yi haƙuri, tsohuwa ya tambaye ni."

Hajiya ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta yi masa godiya, ta sa masa albarka, ta bi layi da ƙafarta har taga. Ta ce in gaya wa matar da ke tagar cikakken kuɗi za a biya min, ba na ɗalibi ba. Ta biya tana kallon ƙofar da za ta shiga.

Ɗakin gwal ɗin akwai wata shimfiɗa a ƙasa mai tafiya da mutum, don kada kowa ya daɗe a gaban gilashi. Hajiya ta hau, ta wuce da ita, ta sauka, ta zagayo ta sake hawa. Sau uku. Ta ƙanƙance sabon ido tana leƙe. Da muka fito ta ce, "Na gaske ne. Amma wadda take ɗora wancan a ka tana fama da ciwon wuya, ko ba ta faɗa ba."

Muka zauna a wani benci a bakin kogi. Na jira wasa ya zo min, bai zo ba.

"Shekara guda," in ji ta. "Kullum da jaka. Ina kake zuwa?"

Na gaya mata. Na ce karatun ba ya shiga, in malami yana magana ji nake kamar ana ruwa a kan kwano. Na ce na ji tsoron Baba, na ji kunyar Yaya, kullum ina cewa gobe zan faɗa. Na ce ba shaye-shaye nake ba, ba caca ba, tumatir nake sayarwa.

"Dillalai ma haka suke cewa. Tashi ka kai ni."

Muka koma Edmonton, kai tsaye kasuwa. Baturken yana tsaye shi kaɗai, ciniki ya yi masa yawa. Yana hango ni ya ɗaga hannu yana mita da Turancinsa mai karaya, wai kwana huɗu ina na shiga. Na ce kakata ce. Ya dafa ƙirji ya yi mata sallama, ta amsa. Iyakar yaren da suka haɗa ke nan. Sai ya dubi agogo, ya kwance jakar cinikin da ke ɗaure a ƙugunsa, ya ɗaura min ita a nawa, ya ce azahar tana neman ƙwace masa. Ya tafi abinsa bai waiwayo ba.

Na kifa wa Hajiya kwandon lemo ta zauna. Na shiga aiki, don masu saye ba su san ana shari'ata ba. Ina aunawa, ina ba da canji, ina tsokanar tsofaffin matan da suka saba da ni. Minti ashirin tana kallo. Da mutumin ya dawo na kwance jakar na miƙa masa, ya ɗaura bai ko leƙa ciki ba. Ya cika leda da ɓaure ya ba ta. Ta ɗaga ɗaya a rana ta duba kafin ta karɓa.

A hanyar gida ta ce, "Tun yaushe yake bar maka lalitarsa?"

"Tun watana na biyu."

Da yamma Yaya ya dawo daga aiki. Ta sa aka kira shi falo, ni ina tsugune.

"Ƙaninka ba ɗalibi ba ne, maƙaryaci ne kuma. Amma ba ɓarawo ba ne. Ubanku amana ya ce in duba. Ɗan kasuwa ba ya barin lalitarsa a ƙugun banza, ko Bature ne ko Baturke." Ta juyo kaina. "Ragin da ka ci da mataccen kati, gobe ka koma tagar ka cika musu. Sannan ga kaset can. Ka zauna ka gaya wa ubanka komai da bakinka, ni ba 'yar aikenka ba ce. In ka rage ko kalma ɗaya zan sani, don zan saurara kafin in ba shi."

"Tikitin fa, Hajiya?" in ji Yaya.

"A ɗaga shi zuwa baɗi. In ya sake ƙarya yana nan yana jiransa."

Kaset ɗin ya fi sauke buhun dankali nauyi. Sau huɗu ina gogewa ina sakewa. Amma na yi, ta kuma saurara, da carbi a hannu.

Washegari Yaya ya buga wa kamfanin jirgi. Ya dawo yana danne dariya. Tikitin mai rahusa ne ta saya, ba a ɗagawa, ba a mayar da kuɗi. Ko in hau ran Laraba, ko kujerar ta tafi ba kowa.

Na ce yau ranata ce. Na matso kusa na ce, "Amarya, wai wa ya ce ba a cinikin biri a sama? Kin biya kuɗin Laraba tun kina Kano. Ke kin ga Larabar?"

Ta ɗauki takalminta ta jefe ni, ta same ni kuwa, ido sabo. "Tafi can, miji marar cefane. Ka ci min kwana biyu, ka ci min kujera. Ka tabbata ka zama mutum, don kai ne kaya mafi tsada da na taɓa saya ban ɗaga a rana ba."

Laraba ta tafi, kujerata ta bi ta babu kowa a kai.

Tun daga nan baƙi da yawa sun biyo ta hannuna. Katin ba laifinsa ba ne, ba ya ƙarya, ba ya kuma jin uzuri. In baƙo dattijo ne, ba na saya sai an gama zuwa gaishe shi, kuma ba na fara shi sai Litinin. In wuri na booking ne, na farkon safiya nake kamawa, don Bahaushen London ba ya buga ƙararrawar mutum kafin sha ɗaya. In kuwa mutum kwana biyar zai yi kuma yana da dangi a Plumstead, sai in ce ya biya a ƙofa, wuri ɗaya, ran da Allah ya nufa.

Hajiya ta tafi da takardar gidan sarauniya. Ƙanwata da ke Kano ta ce a akwatin gwal take ajiye ta, in mata sun zo sayayya ta ciro ta nuna musu. In suka ce, "Hajiya, har gidan sarauniya kika shiga?" sai ta ce, "An ba ni ƙarfe biyu. Ina da baƙuwa, ban samu zuwa ba."